Shanu Tara da Bokitin Barsu

Asabar, 3 ga Agusta, 2024

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da gida. Ban yi niyyar ƙirgawa ba. Ƙanwata Hawa'u ce ta aiko saƙon murya daga Dogon Dutsi, wai Inna ta ce a tambaye ni ko a Kumasi rana ba ta faɗuwa ne. Na saurara sau biyu, ban mayar da amsa ba.

Shanu tara ne a turke. Goshi na da ciki. Idan Allah ya sauke ta lafiya a watan goma, in ban yi kuskuren lissafi ba, sun cika goma. Ranar zan jera su in ɗauki hoto, in tura wa Yaya Mahaman ba ko sallama, sannan in nemi mota. Abin da nake jira ke nan.

Guntu, babban sana, yana tari. Kwana huɗu ke nan. Hayaƙin masu ƙona wayar lantarki ne, duk makon nan iska wajenmu take juyo shi.

Talata, 6 ga Agusta

Bari in rubuta abin nan sau ɗaya ko zai sake ni.

Baba ya rasu ya bar mana shanu goma, ni ke kiwonsu. Shekarar da ciwo ya shigo garinmu biyu suka kwanta. Yaya Mahaman ya ce a sayar da sauran tun suna tsaye. Na ce a'a, za su tashi. Ba su tashi ba. Takwas suka tafi mushe, ungulaye suka yi sallarsu a bayan gari. A gaban Inna ya ce mini, "Kimba, hannunka ba ya riƙe rai." Bai ɗaga murya ba. Da zagina ya yi, da na rama na huta.

A ranar dai bai yi ƙarya ba. Wannan ma a rubuta.

Na ba Guntu kanwa a ruwa. Ya sha kaɗan, ya tsaya yana miƙa wuya kamar mai neman iska a sama.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bayan masallaci Dramani ya biyo ni ya ga Guntu. Dramani mahauci, mutumin Dagomba, shi ya fara ba ni wurin kwana da na sauka a Zongon nan ban san kowa ba. A hannunsa na sayi maruƙana uku na farko shekara shida da suka wuce: Guntu, Goshi da Mai-wake. Duk abin da ke turken nan daga su ya faro.

Ya kafa kunne a haƙarƙarin Guntu ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Faransi, wannan ba hayaƙi ba ne. Cikin yana kuka kamar tsohuwar aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya, a kan tudu." Faransi yake ce mini tun ranar farko, wai duk wanda ya fito daga can sama ɗan Faransa ne. Ya ce in yanka tun da nama a jikinsa. Na ce goma nake nema, ba takwas ba. Ya yi dariyarsa ta kullum: kowa daga Arewa yake kawo saniya Kumasi, ni kaɗai nake tara ta a Kumasi don in nuna wa Arewa.

Ya kawo bokitin karena Barsu kamar yadda ya saba, Talata da Juma'a. Huhu ne irin wanda ba mai saye, mai ƙululun ruwa a jiki kamar ƙwai marar ɓawo. Mahauta jefa wa karnuka suke yi. Shekara biyar da suka wuce, da ɓarayi suka yanke igiyar Goshi saura kaɗan su tafi da ita, na tsinto ɗan kwikwiyo a bakin kwata na ce zai yi gadi. Na roƙi Dramani ya riƙa ajiye mini huhun maimakon ya jefar. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa karɓar komai ba. Barsu ya girma da shi, ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi. Ko Hajiya Memuna, mai rumfar katakon da nake gadi, wadda ta bar mini filin baya na kafa turke, ta ce kare a unguwar nan ta Akwatialine bai taɓa samun gata irin nasa ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Guntu bai ci ba. Hancinsa na buɗewa yana rufewa. Ana jin hakinsa tun daga rumfar Hajiya, injin yanka katako ne kawai ke danne shi.

Laraba, 14 ga Agusta

An yanka Guntu da hantsi, a wurin yanka na bayan kasuwa. Dramani ne ya sa wuƙa, ni na riƙe ƙahon. Da aka buɗe ƙirji na ga abin da ban taɓa gani a dabbata ba. Huhun nan ba huhu ba ne, buhun ƙululu ne. Manya kamar lemo, ƙanana kamar goro, wasu a waje wasu a can ciki. Dramani ya tsokani ɗaya da tsinin wuƙa, ruwa fari tas ya fito. A hanta ma akwai guda uku. Da me yake numfashi duk watannin nan, Allah kaɗai ya sani.

Naman lafiya lau, an rarraba wa mahauta, kafin azahar ya ƙare.

Dramani ya yanke huhun ya jefa a bokiti ya ce, "Ga rabon mai gadinka." Na ɗauka na kawo gida. Barsu ya ci ya ƙoshi, ya hau tarin ciyawa inda yake kwana, ya miƙe ƙafa.

Takwas.

Tun da na dawo abu ɗaya nake juyawa. Wa ya sayar mini da Guntu?

Juma'a, 16 ga Agusta

Na yi abin da na yi.

A ƙofar masallaci, mutane na neman takalmansu, na tare Dramani. Na ce shi mahauci ne ɗan mahauci, ya san dabba mai ciwo tun daga tafiyarta. Na ce ya ga baƙo marar kowa ya tura masa ragowar da ba mai so. Kalmar da na yi amfani da ita ita ce cuta. Na ce ya cuce ni. Mutane suka tsaya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam Kimba, shekara huɗu kana shan nonon Goshi, yau ka gane ni macuci ne?" Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Ya sa takalminsa ya tafi.

Da na dawo na tarar da bokitin a bakin turke. Ashe tun da safe ya kawo, kafin masallaci.

Litinin, 19 ga Agusta

Goshi ta yi tari sau uku ina ba su dusa. Mai-wake kuwa ta riga ta fara haki. Su ukun da suka fito daga hannunsa. To, in ba ni da gaskiya, a nuna mini.

Hajiya Memuna ta kira ni rumfa. Labari ya iso ta. Ta ce, "Malam Kimba, kai bakinka kamar zarto, abin da ya taɓa sai ya raba shi biyu." Ta ba ni lambar ɗan yayanta Abdul-Karim, likitan dabbobi ne. Ta ce in kira wanda ya karanta abin kafin in gama da mutanen Zongo ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 22 ga Agusta

Ya zo a kan babur, da jaka da dogayen takalman roba. Haifaffen Zongo ne, Hausarsa rabi Turanci rabi Asante, amma yana da ladabi, Kawu yake ce mini. Ya saurari ƙirjin kowace dabba. Ya ce huɗu ba sa numfashi daidai: Mai-wake ta fi tsanani, sai Goshi, sai Dogo da 'Yar-Sallah. Na nuna masa hoton huhun Guntu a waya. Ya kalla, sai ya fara zagaya turken kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ya tsaya a tarin ciyawa. Ciyawar da nake yankowa daga bayan unguwar Sofoline, aboboya ta kawo, in tara a ƙarƙashin kwano don ruwan sama. Barsu na kwance a kai. A gefen tarin ga kashinsa, na jiya da na shekaranjiya.

"Kawu, me karen nan yake ci?"

Na gaya masa. Har da alfahari na gaya masa.

Ya cire hularsa ya share fuska. Sannan ya zauna a kan komin dusa ya yi mini bayani a hankali, kamar mai faɗa wa mutum rasuwa. Ƙululun nan gidan 'ya'yan tsutsa ne. In kare ya ci su, sai su zama tsutsa a hanjinsa, 'yan ƙanana, shi ba ya ko jin su. Tsutsar ta yi ƙwai, ƙwan ya fito a kashinsa, ido ba ya gani. Ya manne a ciyawa, a gashin karen, a ƙasa. Saniya ta ci ciyawar, ƙwan ya fashe a cikinta, ya bi jini ya sauka a huhu ko hanta, ya fara gina ƙululu. A hankali, shekara da shekaru. Saniya ba ta sa wa saniya. Sai ta hanyar kare. Ya ce sau da yawa ma dabba takan rayu da ƙululu ɗaya ko biyu ba a sani ba sai ranar yanka. Kafin su cika huhu haka, sai dabba ta daɗe tana cin ƙwan kullum.

Na ce ai ukun da suka fi ciwo daga hannun mutum ɗaya suka fito.

Ya ce, "Su ne kuma suka fi daɗewa suna cin ciyawar nan." Ya ce ba zai rantse cewa ba su zo da ko ɗaya daga Arewa ba, Allah ne masani. "Amma 'Yar-Sallah fa, Kawu? A ina aka haife ta?"

A nan. A kan idona, ranar Layya, shekara huɗu da suka wuce. Na ce nata tarin na sanyin damina ne.

Shanun ba su da magani. Na tambaya sau uku, ta fuska uku, amsa ɗaya. Karen ne ke da magani, ƙwayoyi, a ba shi yanzu a kuma maimaita duk bayan 'yan makonni. A ɗaure shi nesa da ciyawa, a kwashe kashinsa a binne, a ƙona tarin nan gaba ɗaya. Huhu mai ƙululu kuwa a binne da zurfi ko a ƙona. Mai-wake a yanka ta cikin makon nan, sauran ukun su biyo baya.

Ya tambaye ni ko ina wanke hannu in na taɓa karen, don ƙwan yana kama mutum ma. Na ce ni musulmi ne, ba na taɓa kare. Ya dubi Barsu, wanda ya zo ya jingina kansa a gwiwata, ya ce to, duk da haka in riƙa wankewa da sabulu.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ba bokiti yau.

Na ƙona ciyawar. Na cusa ƙwayoyin a cikin tuwo na ba Barsu. Ba don na yarda da duk maganar yaron ba.

Lahadi, 25 ga Agusta

Akwai masu sayen kare a garin nan, kowa ya san abin da suke yi da su. Yau ɗaya ya wuce, na kusa kiransa. Na dubi Barsu a ɗaure a gindin mangwaro, yana kallona yana kaɗa wutsiya, bai san laifinsa ba.

Kare bai taɓa zuwa kasuwa da bokiti ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Abdul-Karim ya kira ya tambayi Mai-wake. Na ce tana samun sauƙi. Ta ɗan ci ɓawon rogo jiya, ai wannan sauƙi ne.

Lissafina: takwas, Goshi ta haihu tara, in nemi maraƙi ɗaya in cike. In na yanka Mai-wake lissafin ya koma baya da shekara guda. In na bi maganarsa a kan duk huɗun, sai in ƙara shekara huɗu a garin nan ina shaƙar garin katako. Shekarata hamsin da biyu. Gwiwata ta dama ba ta son tsugunno.

Hawa'u ta sake aiko saƙo. Idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma inuwa kawai yake gani. Na tura abin da zan iya turawa. Murya ce ban tura ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Mai-wake ta mutu mushe.

Na tafi yankan ciyawa da safe tana tsaye. Da azahar Hajiya ta kira ni, ta ce saniyar ta faɗi tana shure-shure. A rumfar ba wanda ya iya yanka, masu zarto ne duka, biyu ma ba musulmi ba. Sun yi ta neman wuƙa. Mota ta riƙe ni a Sofoline kusan awa guda. Da na iso ta sandare, harshe a waje, kumfa a hanci.

Abdul-Karim ya zo ya buɗe ta don ya gani. Ya ce babban ƙululu ne ya fashe mata a ciki. Bai ce na gaya maka ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Mu huɗu muka haƙa rami a ƙarshen filin, ƙasa jiƙe, ruwa na tsattsafowa. Saniya sukutum, ko fatarta ban cire ba.

A nan ba ungulaye kamar na garinmu. Amma ina haƙa ina jin muryar Yaya Mahaman, a sanyaye, kamar yana bayana. A sayar tun suna tsaye. A yanka tun da nama a jikinta. Mutum biyu suka gaya mini a wannan karon, ba ɗaya ba.

Bakwai.

Lahadi, 15 ga Satumba

Hajiya ta ce da Dramani aka kira, gidansa minti biyar ne, da ya iso da wuƙa kafin ta cika. Ta ce ta yi tunanin kiransa, sai ta tuna abin da na yi masa, ta ji kunya.

Talata, 24 ga Satumba

Na kai Dogo da 'Yar-Sallah yanka. Ba wurin Dramani ba, wurin Fataw, a ɗaya gefen. Na zaɓi lokacin da na san Dramani ya tafi kai nama unguwar Adum.

Na tsaya a kan 'Yar-Sallah har aka buɗe ta. Ina addu'a a zuciyata, addu'ar da bai kamata ba, Allah ya sa huhunta ya fito fes don in samu abin riƙewa. Na ƙirga ƙululu goma sha ɗaya na daina. Saniyar da ba ta taɓa taka wata ƙasa ba sai ta turkena. Ba ta taɓa cin ciyawar da ba hannuna ne ya zuba mata ba.

Fataw ya ɗaga huhun zai wurga wa karnukan da ke jira a bakin kwata. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Kai Baba, lafiya? Kai za ka ci?" Mahauta suka kwashe da dariya. Na fara yi musu bayanin tsutsa da ƙwai, na ji bakina yana faɗin maganar Abdul-Karim a karkace. Wani ya ce kakanninsu ma haka suke jefawa, ba wanda ya mutu. Ban ga laifinsu ba. Wata guda da ya wuce da ni ma na yi dariyar.

Na zuba huhun biyu a buhu na kawo gida, na zuba kananzir na ƙona a rami. Barsu yana ta kuka a igiya, ƙanshin ya dame shi.

Biyar.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Sahu ɗaya muka tsaya da Dramani, mutum uku a tsakaninmu. Da aka sallame na daɗe ina jan carbi har ya fita. Na shirya maganar tun daga gida, na san farkonta na san ƙarshenta. Tsakiyar ce ta ƙi.

Abin da ke ci mini rai: ciwon ta hannunsa ya zo, gaskiya ne, amma a bokitin kyauta ya zo, kuma ni na roƙa. Na zarge shi da mugunta a inda alheri ya yi mini.

Laraba, 9 ga Oktoba

Goshi ta haihu da la'asar. Mace, ja, da farin tabo a goshi irin na uwar. Tsakanin naƙuda da haki na ɗauka ba za ta kai ba. Ta lashe 'yar tana tsayawa tana neman iska, ta sake lasa.

Wannan ce ta goma da na yi shekaru ina jira. Ta zo ta tarar da biyar.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Goshi na ba da nono amma ƙashin bayanta ya fito. Abdul-Karim ya ce ciwon ba ya bin nono, 'yar lafiyarta ƙalau in dai ciyawa ta tsarkaka. Ya ce in fara saba mata da Baƙa, wadda ɗanta ya kusa yaye. Na barbaɗa wa 'yar gishiri a baya kamar yadda Baba yake yi. Baƙa ta shinshina, ta lasa, ta kai mata harbi. Gobe kuma.

Na wasa wuƙa na rataye a rumfa. Amma ni ban taɓa kayar da saniya ni kaɗai ba, kuma wannan Goshi ce.

Litinin, 21 ga Oktoba

Da hantsi Goshi ta durƙusa ta kasa tashi. Wuya a miƙe, ido a waje. Na san wannan kallon.

Na ji bakina yana cewa za ta tashi. Wallahi na ji shi. Sai na ajiye bokitin ruwa na fita da gudu, da gwiwar nan, ba takalmi.

Dramani yana kan teburinsa yana sara wa wata mata ƙashi. Na tsaya a gabansa ina haki kamar Guntu. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Goshi." Ya dube ni, ya dubi ƙafata. Ya ce wa matar ta yi haƙuri, ya ɗauki wuƙarsa ya goge a riga.

Mun same ta da rai. Ya yi bisimilla ya yanka. Na riƙe kanta a cinyata har ta daina motsi. Shekara shida, kowace safiya ita ke fara gaishe ni.

Da ya buɗe ƙirjin ya ciro huhun, hannunsa da kansa ya juya wajen Barsu, sabo. Ya tsaya. Ya ce Abdul-Karim ya je wurinsu makon jiya ya yi musu bayani, ya kwana biyu abin na damunsa. "Shekara biyar ina ɗauko maka ciwo a bokiti, ina jin daɗi ina taimakon Faransi." Na ce ni na roƙa. Ya ce shi ya kawo. Muka tsaya muna jayayya a kan wa ya fi laifi, kowa na ja wa kansa, har Hajiya ta leƙo ta ce in mun gama rabon gadon a zo a ɗauke naman kafin ƙuda su riga mu.

Tare muka haƙa ramin huhun.

Juma'a, 25 ga Oktoba

A ƙofar masallaci na ɓata shi, a nan ya kamata in wanke shi. Na jira mutane suka fito neman takalma. Na ce jama'a su shaida, abin da na faɗa a kan Dramani ƙarya ne, bai cuce ni ba, ni na cuci dabbobina da hannuna, ina roƙonsa gafara. 

Ya ce, "Faransi, ka cika surutu. Ka taka mini takalmi."

Mutanen da suka ji na farkon sun fi na yau yawa. Wannan ba ni da yadda zan yi da shi.

Baƙa ta bar 'yar ta sha yau, ba harbi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na kira gida. Ba saƙo ba, kira. Hawa'u ta kai wa Inna wayar. Ta ce, "Wa ke nan?" Na ce Kimba ne.  Ta ce muryata ta tsufa.

Na gaya mata komai, har bokitin. Ban san me ya sa ba. Na ce sun kai tara, saura kaɗan. Ta ce, "Ko ɗari ka jera mini a ƙofar gida, da wane idon zan ƙirga su?" Ta ce Mahaman yana nan kusa, ko ta ba shi wayar. Na ce a bari tukuna. Na ji tarinsa a bayanta, tarin tsoho. Ban taɓa tunanin shi ma yana tsufa ba.

Jiya na bi ta tasha. Direban ya ce hanyar yanzu doguwa ce, sai an yi zagaye, kwana uku ko huɗu in an yi sa'a. Tambaya kawai na yi. Dramani ya ce in mutum zai yi tafiya ta wata guda, shi zai iya kwana a rumfa, ya san lokacin ƙwayoyin Barsu. Ban ce masa zan je ko'ina ba.

Abdul-Karim ya saurari ƙirjin sauran. Ya ce bai ji komai ba, amma kunne ba ya ganin ciki, sun ci ciyawar su ma. Sai abin da Allah ya yi.

Abin da ya tsira a hannuna: Baƙa da ɗanta, karsana biyu, da 'yar Goshi mai kwana ashirin da biyar. Biyar ke nan. Sai kare ɗaya, a ɗaure.